Tarwadar Rijiyar Inna

Inna ’yar masunta ce, kuma ba ta taɓa bari mun manta ba. Daga wani ƙauye na bakin kogi aka auro ta, can gabas da Zakirai, aka kawo ta gidanmu kusa da Makoda, inda gona ke manne da gona, ruwanmu kuwa daga na rijiya sai na kududdufi. A nan ta haife mu, a nan ta tsufa, amma in aka zo maganar kifi sai ta dube mu sheƙeƙe. “Ku me kuka sani, ’ya’yan gero?” Mu dai sai dariya.

Ranin da hawan jini ya kayar da ita, ni na baro gidana na zo jinya, don ni ce babba. An sallame ta daga asibiti tana iya zama, tana magana, amma bakinta ya mutu. Tuwo ba ya wucewa, koko sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Likita ta ce a rage gishiri, a bar man shanu da nama mai kitse, a riƙa ba ta kifi. Na yi murna, don kifi kam a bayan ɗakinmu yake. Ƙanena, autanmu, ya gina kwamin siminti yana kiwon tarwada, yana ban ruwan alayyafo da ruwan da ya sauya musu.

Na sa ya kamo mai ƙiba, na yi romo da citta da ɗan daddawa, na kai mata. Ko murfin ban gama ɗagawa ba ta kau da kai.

“Na yaron nan ne?”

“Nasa ne, Inna. Yanzu aka fito da shi.”

“Kifin da ake watsa wa tsaki kamar kaza? Bai taɓa yin iyo ya gaji ba. Dubi man da ke yawo a kai. An hana ni kitsen saniya, kin kawo mini na kifi.”

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. Da na fede shi na ga kitse rawaya dam a cikinsa, sai da na yage na zubar. Na kogi da ta saba da shi baƙi ne, siriri, tsokarsa da tauri. Amma ina zan samo shi? Kududdufinmu ya ƙafe, kuma ko da ruwa ba zan ba ta na ciki ba. Daminar da ta wuce, bayan an yi wa gonaki feshi, ruwan sama ya wanko maganin, muka wayi gari ƙananan kifaye suna yawo ciki a sama. Baba ya hau babur ɗin maƙwabci ya je kasuwa ya sayo banda. Ina kwance ƙunshin na ji warin maganin ƙwari, irin wanda wasu ke fesawa don kada kifin ya yi tsutsa. Na haƙa rami na binne, Baba yana tsaye yana kallona.

Da muka koma awo na tambayi likita wanne ya fi lafiya. Ta ce kowane kifi abin da ya ci da ruwan da ya zauna shi ne a jikinsa. Na kiwo ya fi mai, na kogi ya fi tsoka, amma na kiwon da kin san mai shi ya fi na ruwan da ba ki san abin da ya gangaro cikinsa ba. Ta ce a cire kitsen a ba ta. Na dawo na maimaita wa Inna tiryan-tiryan. Ta ce, “Ita likitar ’yar wane gari ce?” Na faɗa mata. Ta ce, “Ai shi ya sa.”

Ranar na yi mata faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce taurin kai ne, na ce mun bar gidajenmu muna fama ita tana zaɓe. Ta riƙa murza bakin zaninta. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Na fita bayan rumbu na yi kukana, don tsoro nake ji ƙwarai. Na ga alamar in aka ci gaba a haka, yunwa za ta riga ciwon.

A tsakar gidanmu akwai rijiya, a cikinta kuma akwai tarwada guda. A wajenmu ba abin mamaki ba ne, ana jefa ta don ta cinye ƙwari da tsutsa, ruwa ya zauna da tsabta, kuma ba wanda ke cin ta rijiya. Tamu Inna ce ta kawo ta. Da mahaifinta ya rasu ta je zaman makoki, ta dawo da ’yar tarwada kamar yatsa a cikin ƙwarya, daga ruwan da tsohon ya yi sana’arsa. Tun daga nan kullum da safe in ta zo jan ruwa sai ta leƙa ta ce, “Kin kwana lafiya, ’yar garinmu?” Mukan tsokane ta mu ce ta amsa kuwa? Ta ce ta fi mu ladabi.

Wata safiya na fito na tarar Baba ya sa ƙanena ya ɗaura igiya a ƙugu a bakin rijiya. Ruwa ya ja baya sosai, iya cinya ne.

“Baba, me za a yi?”

“Ta ce na kogi take so. Wannan kaɗai ne na kogi da na yarda da ruwansa.”

“Ta sani?”

“In ta sha romon ta ji ƙarfi, ni zan faɗa mata. Ta yi fushin da ni.”

Baba ba mai yawan magana ba ne, ya dai kama igiyar ya riƙe. Ƙanena ya daɗe yana lalube kafin ya turo tarwadar cikin guga. Muka juye ta a daro. Duk shekarun nan ashe ba ta yi wani girma ba. Kai ne babba, jiki siriri, baƙa wuluk, gashin bakinta ɗaya guntu inda guga ya taɓa datse shi.

Ƙarar da take yi a daron ce ta tona mu. Sai ga Inna a bakin ƙofa, dafe da bango, ita da sai an riƙe ta take fitowa. Ta dubi daron, ta dubi wuƙar da ke hannuna, sannan ta dubi Baba.

“Malam, ’yar garinmu ce?”

“Ita ce.”

“Yanka ta za ku yi?”

“Ke nake so ki ci abinci,” in ji Baba. “Kifi ai kifi ne. Ke kuwa ba ni da wata.”

Ni da ƙanena muka sunkuyar da kai, don ba mu taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Inna ta lallaɓo ta zauna a kan turmi, ta sa hannu cikin ruwan, kifin ya goga mata yatsu. Ta daɗe a haka. Can ta ce da ƙanena, “Kai, mayar da ita a hankali, kada ka jefa. In ka fito ka kamo mini ragon kifin nan naka guda. Ƙarami, ban da mai tumbi.” Ta juyo gare ni. “Ke kuma ki cire kitsen tas, ki wanke da toka, ki sa tsamiya. Ba irin jagwalgwalon da kika yi rannan ba.”

Na yi yadda ta ce. Ta sha romon tana yatsina fuska, ta ce ɗanɗanonsa kamar an dafa katifa. Amma ta shanye, ta kuma ci tsokar. Washegari ma ta ci. Ta koya wa ƙanena ya riƙa ware nata a ruwa mai kyau, ya hana su abinci kwana biyu kafin a yanka, wai su san duniya. Kafin shuka ta fara zagaya tsakar gida da sanda, tana zagin kifinsa, tana ci. Duk safiya kuma sai an raka ta bakin rijiya.

Allah ya ƙara mata wasu shekaru tare da mu, sannan ya karɓi abarsa. Tarwadar tana nan. Baba, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya ja ruwa ba, yanzu shi ke fara zura guga da safe, ya hana jikoki. Zuwana na ƙarshe ina shara a bayansa, bai san ina kusa ba, na ji ya leƙa ya yi ƙasa da murya.

“Kin kwana lafiya, ’yar garinsu?”