Yayata da Kwalbar Sanitaiza

Yayata ta fi kowa tsabta a gidanmu, kuma ta fi kowa sanin haka. Tun muna yara, in ka sha ruwa a kofinta sai ta wanke shi har mariƙi tana harararka. Innarmu kan ce, wannan da da hali sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta tara abin duniya ba, aure ma bai daɗe mata ba. Abin tinƙahonta guda ɗaya ne, a ambace ta a ce, ai mai tsabtar nan.

Da wannan suna ta sami aiki a wata makarantar nazare, ajin 'yan ƙanana waɗanda ba sa cewa za su yi fitsari sai sun gama yi. Ita ke kai su banɗaki, ita ke share majina, ita ke buɗe musu kular abinci. Yara da iyaye duk Anti suke kiranta. A ƙofar ajin akwai bokiti mai famfo a kan kujera, da sabulu a murfin gwangwani. Wannan bokiti shi ne ciwon ran Yaya. Yara su jiƙa riga, su jiƙa safa, sabulu ya suɓuce ya kwashi yashi, ƙofar aji ta zama caɓi. Ita kuwa gara ka zage ta da ta ga sawun takalmi a daɓen da ta goge.

Sai aka kawo wa makarantar sanitaiza, man nan da ake ɗiga wa mutum a tafi, ya murza ya bushe nan take. Ga ƙamshin lemo. Yaya ta kamu da sonta, ta tafi wajen shugabar makaranta.

"Ranki ya daɗe, a ɗauke min bokitin nan. Kwalbar nan ta ishe mu."

"To in sun fito daga banɗaki fa?" in ji shugabar.

"Ai magani ce, ƙwayar cuta take kashewa. Ruwa me yake kashewa?"

Da yake ba a jayayya da Yaya a kan tsabta, aka kai bokiti sito. Na taɓa leƙa ta a aji na ga abin da idona. Daɓe na ƙyalli, yara sun yi layi kowa ya buɗe tafi, tana bi tana ɗiga musu. Na ce, Yaya, ba kya ganin hannun wancan duk yashi ne? Ta ce, "Ke da ba kya wanke gindin tukunya za ki koya min tsabta?" Na kama hanyata, don gaskiya ta faɗa a kan tukunyar.

Ba a daɗe ba gudawa ta shiga ajin. Yau wannan bai zo ba, gobe wancan na amai. Yaya ta dubi ajinta ba ta ga inda cuta za ta ɓuya ba, sai ta ɗora laifin a kan iyaye mata. Wadda ta fi shan baki ita ce wata matashiya mai ɗinki, wadda 'yarta ta fi kowa jigata. A bakin get, gaban sauran mata, Yaya ta miƙa mata kular yarinyar da yatsa biyu.

"Ki riƙa wanke kular nan da kyau. Ciwon ciki daga gida yake fitowa, don nan dai ga ajina kina gani."

Matar tana goye da jariri. Ta sunkuyar da kai ta karɓa.

Yarinyar sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. A can wata nas ta gaya wa uwar cewa man goge hannu ba ya fitar da dauɗa, kuma wasu cututtukan ciki sai sabulu da ruwa. Bayan yarinyar ta warke ta koma aji, uwar ta zo makaranta daidai lokacin cin abinci, ba sanarwa. Yaya ce ta ba ni labarin da bakinta. Yara sun fito daga wasan ƙasa, wasu daga banɗaki, an ɗiga musu, sun murza, suna shirin sa hannu a kula. Matar ta jawo 'yarta, ta tara farin murfin kular, ta zuba mata ruwan gorarta a hannu. Ruwan da ya taru a murfin kamar na kwata.

Yarinyar ta fizge hannu ta fashe da kuka. "Mama, Anti ta ce ruwa na ƙazamai ne! Mu da ƙamshi muke wankewa!"

Shugabar makaranta na tsaye, malamai biyu na tsaye. Kuma gaskiya ne, Yaya ta taɓa faɗin maganar, da wasa, ranar da yaran suka dame ta da tambayar ina bokitinsu.

Da yamma ta zo gidana ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce da ƙasa za ta tsage da ta shige. Washegari aka dawo da bokiti, babu wanda ya yi mata faɗa, kuma shirun nan ya fi yi mata ciwo. Ni ma kunya ta ishe ni, don in an taɓa naka an taɓa ka. Da ta ce in raka ta gidan mai ɗinkin ta ba da haƙuri, sai da na yi ta kame-kame kafin na ɗauki jaka.

Ɗaki ne guda, keken ɗinki a gefe, kwanuka a kife a kan tire, ko ƙuda babu. Yaya ta bi ko'ina da ido sannan ta sunkuyar da kai. Ta ba da haƙuri da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Haba Anti, ba komai, ya wuce," in ji matar. "Allah ya kiyaye gaba."

Sai jaririn ya farka a kan katifa ya fara kuka. Yaya, da hannunta ya saba, ta miƙa za ta ɗauke shi. Matar ta ɗan tare ta da gwiwar hannu. Ba da gatse ta yi maganar ba, ita ma kunyar faɗa take ji.

"Anti, ki yi haƙuri. Ga buta da sabulu can a bakin ƙofa."

Yaya ta tashi ta fita. Ta tsuguna a bakin ƙofar tana cuɗa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni kuwa na kafa wa keken ɗinkin ido, na fara tambayar matar ko tana yin kayan yara.