Takalmin Taya na Ƙafafun Ƙanina

Shekarun baya, lokacin rumfar facina tana bakin titi a unguwar Gumbihini, ƙanina ya shigo gida da wani abu a buhu, ya ce cikin kayan gwanjo ya samo shi. Ƙafafu ne biyu na ƙarfe, kowace da lanƙwasasshen sifirin a bayanta. Mutum zai ɗaura su daga sawu zuwa gwiwa, ya miƙe ya fi ƙofar ɗaki tsawo, in ya yi tsalle kuwa sai ka ɗaga kai. A ƙasan kowace akwai dunƙulen roba mai taka ƙasa. Shi ƙanina yake kira kofato.

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na ce masa mai gemu ba ya wasan yara. Amma ban matsa ba, don na san halin da ake ciki. Ya daɗe ba aiki, har ya shirya jaka zai bi abokansa kudu, ramin haƙar zinariya. Ɗan maƙwabciyarmu can ya tafi, rami ya rufta da shi. Tun da mahaifiyarmu ta ga jakar nan abinci ya daina wuce mata.

Ya koyi abin a filin makaranta, ya faɗi, ya tashi, har ya ƙware. Masu shaguna suka fara ɗaukarsa talla. Su sa masa rigarsu, motar kiɗa na biye, shi yana gaba yana tsalle, yara da masu keken haya, yalo-yalo, suna tsayawa kallo. Jaka ta koma ƙarƙashin gado.

Sai kwalta ta fara aikinta. Ita ta ci, tsakuwar hanyoyin Jisonayili ta ƙarasa. Wata safiya ya ajiye mini ƙafafun a kan benci, roba ta cinye har farin ƙarfe ya leƙo.

Ya ce, "Yaya, jiya sau biyu na zame. Na tambaya ko'ina, har Kumasi na sa aka duba, babu mai sayar da kofaton nan. Ran Asabar ana buɗe babban shago a Kalpohin, ni ne a gaba. In abin nan ya ƙare, ka san jakata tana nan."

Na ce, "Rufe bakinka da zancen jaka. Miƙo mini wuƙa."

Ni mutum ne mai bin aiki daki-daki. Da farko na kawar da tayar mota, don akwai waya a cikinta, ga nauyi. Na zaɓi tayar baya ta moto, wato babur, wadda zanenta bai mutu ba. Bayan haka na yanko guda biyu daga taya ɗaya, kada wata ƙafa ta fi wata tudu. Sannan na goge, na shafa sholisho, na jira ya sha iska, na manna, na danne da ƙarfe, kamar yadda nake wa kowane tub tun ina yaron shago.

Kuma ƙa'idata ce, ba na ba da aikin da ban gwada ba. Saboda haka na sa ya ɗaura mini su. Ban yi taku uku ba na tsinci kaina rungume da bishiyar nim, hulata a kwata, mai sayar da koko tana dariya har ta zubar da ludayi. Ƙanina ya ce, "Yaya, mai gemu ba ya wasan yara." Na ce ya zo ya kwance ni tun ban saukar masa da sifana a ka ba.

Shi da ya hau da safen, roba ta riƙe tsaf. Amma na ce bai isa ba, ya sake gwadawa da rana tsaka, lokacin da za a yi tallar gaske. Wata ne na zafi, kwalta har walƙiya take. Ya je kwanar titi ya dawo, robar hagu ta buɗe baki tana fal-fal, ta dama kuwa mun tsince ta a bakin kwata. Zafi ya narkar da sholishon. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya fara kwance ƙafafun. Ganin haka ya fi mini ciwo a kan dariyar mai koko.

A haka mahaifiyarmu ta same mu, ta kawo mana tuwo. Ta ɗauki robar da ta ɓalle, ta juya ta.

Ta ce, "Wannan ne takalmin?"

Na ce, "Shi ne, Mma."

"To kai mai faci, komai a wurinka sai a manna? Yaushe ka ga an manna wa mutum takalmi a tafin ƙafa? Ɗaure masa mana. In ya tsufa a cire a sa wani."

Na ajiye tuwon. Na yanko wasu guda biyu masu tsawo, yadda kumburin tayar zai rungumi kofaton kamar tafin hannu, bakinsa ya naɗo sama gaba da baya. Na huda, na zura noti a inda ba ya taɓa ƙasa, na ƙara da zoben ƙarfe irin wanda ake matse tiyon lagireto da shi. Na ɗaure, na sake bi ɗaya bayan ɗaya na matse.

Ran Asabar na rufe rumfa, abin da ban saba ba. Na bi jerin masu tallar a kan motona, sifana a aljihu. Mutane suna kallon sama, ni ƙasa nake kallo. Daga farkon hanya har ƙofar shagon, ko noti ɗaya bai motsa ba. Da ya sauka na duba: taya ta ci, kofato na ciki lafiya lau.

Tun daga ranar muka kafa doka. Kafin ya fita, a matse noti. In ya dawo, a cire tsakuwa daga zanen tayar. Da zarar zane ya shafe, a canza, ba a jira sai ya huje. Ya yi ƙorafi, ya ce na mai da shi motar haya. Ban saurare shi ba.

Abin da na ɗauka a nan kaɗan ne. Abin da ba ka da madadinsa, kada ka bari shi ne zai taɓa ƙasa. Kuma aikin da ya riƙe da safe, a tambaye shi da rana.

Yanzu ƙanina ya yi aure, yana da shagonsa na hayar lasifika, ƙafafun kuwa sai lokaci-lokaci. Kwanaki na je gaida mahaifiyarmu, na ga jakar nan rataye a madafa. Na leƙa. Busasshiyar kuɓewa ce a ciki.