Ƙahon da Na Binne a Ƙofar Gida

Shekarun baya ni mai shanu ne a wani ƙauye na Gwangwan, kuma matsoraci na gaske, ko da yake a lokacin dabara nake kiran tsoron nawa. Da satar shanu ta yi yawa a yankinmu, na je wurin wani mai tsibbu ya ba ni ƙaho na binne a ƙofar gida, da sharaɗin kada mai buɗaɗɗen miki ya tsallaka shi, in ba haka ba asirin ya karye.

Ina da yaya a Kwanyawa, malamin allo, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da labarin ya kai masa, ya tuna mini ayar gidan gizo-gizo, ya ce ba gini ake nufi ba, zuciyar da ta jingina da wanin Allah ce. Wai in yi shinge, in ɗaure shanuna, amma kada in binne zuciyata tare da ƙahon. Na yi dariya na ce mai tumaki biyu ai tawakkali ba ya masa wuya.

Da damina ciwon suga ya ci ƙafarsa, aka kawo shi a amalanke ya zauna wurina don ya fi kusa da magani. Ina ganin tsumman ƙafar ya jiƙe da ruwan miki, na shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, na shara masa ƙarya cewa ɗakunan suna yoyo. Matata ta roƙe ni tana kuka, na ce in ta shigo da shi a bakin aurenta. Kwana uku yana waje. Ranar da aka yi ruwa da la'asar, buhunan dusa na rufa masa. Bai yi mini ƙorafi ba, sai dai ya ce in juya masa tabarmar ta fuskanci alƙibla, ya kuma tambaye ni ko yanzu hankalina ya kwanta. Washegari mutanen Kwanyawa suka zo suka ɗauke shi ba su ko gaishe ni ba. A hanya ya cika.

Na tone ƙahon bayan sadakar uku, gashin akuya ne a ciki da yashi. Kunya da nadama sun ishe ni har yau. Jama'a, ku tsare dukiyarku, amma duk tsarin da ya ce ku rufe wa naku ƙofa, ku guje shi, domin zuciya yake ci. Shanuna ko ɗaya ba a sata ba, suna nan suna ta haihuwa, ni kuwa tun ranar nononsu bai sake wuce maƙogwarona ba.