Mutanen Da Kakana Ya Bari A Ƙofar Gari

Ƙarfe goma da rabi na safe, ranar Talata, a gidanmu da ke unguwar Jurf a Madina. Ni da matata muna zaune a falo, sai Goggo, ƙanwar mahaifina, ta shigo da mayafi a ka, takalmi a hannu. A lokacin ta haura tamanin.

"Tashi ka kai ni cikin gari," ta ce. "An samo su."

Bari in fara da faɗin ko su wa. Kakana sarkin yaƙi ne a wani gari mai ganuwa a bakin iyaka, can ƙasar Hausa. Shi ke tsaron hanya, shi ke fita in an kawo hari. Da Turawa suka matso, sai ya raba mutanensa biyu. Mahaya suka bi shi gabas. 'Yan baka kuwa ya ce su riƙe ƙofa, zai aiko a ɗauke su in ya sami wurin zama. Bai aika ba. Ya yi shekaru yana noma a Sudan, ya haye teku, ya ƙare kwanansa a Madina yana ɗinkin takalma. Wasiyyarsa ɗaya ce: duk wanda ya haɗu da jinin mutanen nan, ya gaya musu ya saɓa alkawari, yana roƙon gafara.

Mahaifina bai ɗauki abin da nauyi ba. Goggo ce ta ɗauka. Duk lokacin aikin hajji takan bi masaukin alhazai tana tambaya. Ranar nan wata 'yar Nijar mai shara a otal ta yi mata waya: akwai wata hajiya da ta ce kakanta na cikin waɗanda aka bari a ƙofa, kuma motarsu za ta tashi Makka bayan azahar.

Ni kuwa na riga na rubuta ayyukan ranar. Na ɗaya, canjin man mota. Na biyu, salla. Na uku, abinci.

"Goggo, ke ce ta huɗu," na ce.

"Ta huɗu? Ya waladi, ɗan nan, a bayan nan na goya ka! Kai ko mala'ikan mutuwa ne ya zo sai ka ce ya bi layi."

Matata ta yi dariya. "Baban yara, ka kai ta mana. Garejin guduwa zai yi?"

"Motar alhazai ba ta tashi a kan lokaci," na ce. "Na san su."

Ƙarfe biyu saura kwata muka isa otal. Sun tafi tun kafin kiran salla. Na juya mota muka bi su Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami. Motoci ne jere, maza duk cikin farare, mata duk atamfa iri ɗaya. Goggo ta dogara sanda tana bin tagogi cikin rana.

"Bayin Allah, wa aka bar kakanta a ƙofar gari?"

Ba wanda ya gane maganar. Wata ma ta zaci bara take yi, ta miƙo mata dabino. Goggo ta karɓa, ta yi godiya, ta wuce mota ta gaba. Haka har la'asar.

A hanyar gida Goggo ta kau da kai tana kallon taga cikin fushi. Na so in tambaye ta sunan garin, don na ji shi ina yaro amma ban riƙe ba. Kunya ta hana ni, na ce sai ta huce. Kafin ta huce ciwo ya kwantar da ita, harshenta ya yi nauyi, ba ta ga hajjin gaba ba. Mai sharar kuma iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ta koma ƙasarsu. 'Ya'yana in na ɗauko zancen, da Larabci suke amsa mini, su ce abin da ya wuce ya wuce.

Mai karatu, ka tambayi tsofaffin gidanku. In a cikin kakanninku akwai wanda sarkin yaƙi ya ce ya riƙe ƙofa ya jira aike, ka gaya wa danginka cewa mutumin ya san ya saɓa, kuma ya roƙi gafara kafin ya mutu. Jinkirin isar da saƙon laifina ne. Don Allah ku yafe masa.