Gashin Bakin Abu Nadim

Shekara talatin Tanyus yana jan motar haya tsakanin Zahle da Beirut, kowa Abu Nadim yake kiransa. Bai taɓa riƙe karta ba sai da ya ajiye tuƙi, abokansa suka ja shi wasan poka, wanda suke yi duk Lahadi da la'asar a inuwar inabin tsakar gidansa. Da ƙwayar wake suke zubi, don matarsa Nuhad ta ce ba a cacar kuɗi a gidanta.

Ita ce ma ta koya masa, don a gidan 'yan karta ta tashi. Ta nuna masa kati uku iri ɗaya sun fi biyu-biyu, biyar a jere sun fi ukun, wanda kuma ya samu na banza ya ajiye ya jira wani rabon. Cikin mako guda ya haddace. Abin da ya gagare shi shi ne burga, wato ka riƙe katin banza ka ƙara zubi fuska a ɗaure, har abokan wasa su tsorata su janye. Bawan Allahn nan da ya ɗauko ƙarya sai hannunsa ya tafi gashin baki yana murzawa.

"Jama'a, ya kama gashin baki!" in ji Jirjis mai aski. "Ku zuba, wallahi babu komai a hannunsa sai addu'a."

Haka ake kwashe masa wake tas. Baƙi na tafiya Nuhad take sa shi gaba.

"Abu Nadim, wai hannun nan na aro ne? Ajiye shi kan tebur. Kalle ni cikin ido, ka ce kana da sarki huɗu."

"Ina da sarki huɗu."

"To uban me ka je nema a gashin bakin?"

Shekara shida suna wannan karatu. Ta buge masa hannu da cokali, ta ba shi carbi ya riƙe, ta ce za ta aske abin yana barci, duk a banza. A ranta kuwa ba ta ƙi hakan ba. Da wannan alamar ta gane ya koma shan taba, da ita ta gane kewar Nadim, ɗansu da ke Kanada, ce take hana shi cin abinci.

Sai tari ya kama shi ya ƙi saki, ya rame har wando yana zame masa. Da ƙyar ya yarda ya ga likita a Beirut, kuma ya ce shi kaɗai zai je. Ranar da ya dawo da sakamako Nuhad ta zaunar da shi a teburin nan. Ba bakinsa take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Me likita ya ce?"

"Sanyi ne kawai, Ummu Nadim. Kar ki tayar wa yaron nan da hankali, bari ya zo lokacin bikin Ista yadda ya shirya."

Hannayensa biyu suna kan tebur, ko motsi ba sa yi. Ta jira, ta sake tambaya, ya kalle ta cikin ido ya maimaita. Ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta ɗora masa kofi har da 'yar waƙa. Da Nadim ya bugo waya, ta ce masa babansa lafiya lau.

Bai kai Ista ba. Nadim ya sauka daga jirgi ya tarar da gawa, bai ji ko kalma ɗaya daga bakin ubansa ba. Wannan ya fi mutuwar ci wa Nuhad rai, don ita ta ce masa kada ya yi gaggawa.

Bayan sati biyu ta ga takardar likita a ninke cikin kwalin karta, da kwanan watan wancan zaman nasu, tana nuna ciwon ba mai warkewa ba ne. Tana riƙe da ita Jirjis ya shigo gaisuwa.

"Allah ya jiƙan Abu Nadim," ya ce. "Mutumin da ko ƙarya ɗaya bai iya ba."

"Ya iya, Jirjis," ta ce, hawaye na zuba. "Ni na koya masa."