Makon Arba'in da Takwas na Malam Moutari

Malam Moutari tela ne, mutumin Damagaram, dogo, marar yawan magana. Shekara talatin da wani abu ya yi a bayan wani kantin atamfa a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, a lungun da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Duk watan azumi ba ya ɗaga kai, matan unguwa na tsaye a kansa da shadda da leshi har jajibiri. Ranar Salla yake lulluɓe keken ɗinki ya huta kwana bakwai. Hutunsa na shekara ke nan, ba shi da wani.

Ɗaki ɗaya gare shi a hawa na shida kusa da Porte de la Chapelle. A nan shi da matarsa Zouera suka raini 'yarsu Raliatou, har ta auri Salmanu, direban bas a Lyon, suka tare a unguwar Minguettes. Da aka haifi tagwaye sai Zouera ta koma can raino, ta riƙa zuwa Paris jefi-jefi. Ɗakin Paris ba ya ɗaukar mutum shida. Gidan Lyon yana ɗauka, amma na suruki ne, shi kuwa Malam Moutari ba ya kwana a ƙarƙashin rufin surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa. Haka ya tarar, haka ya riƙe. Burinsa bai wuce ya ga iyalinsa ranar Salla a gidan da shi ne maigida ba.

Wannan burin masu sayar da gidajen hutu suka shinshino. A 2003, gab da azumi, wata mata ta miƙa masa kati a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wai ya ci kyautar abincin rana a wani otal. Bayan abincin wani saurayi mai ƙamshin turare ya zaunar da shi gaban hotunan wani gida a bakin teku can kudu. Ya ce ba gidan za a saya ba, mako ɗaya za a saya a cikinsa, kowace shekara, har abada. Hanya uku ce. Akwai mako tsayayye, wanda ba ya motsi daga lambarsa. Akwai mako mai yawo, da mutum yake zaɓa a cikin wasu watanni. Akwai kuma maki, da ake tarawa a kashe inda aka so. Su ma makonnin launi-launi ne: ja na tsakiyar zafi lokacin da kowa ke hutu, fari na gefensa, shuɗi na sanyi. Shuɗi tsayayye ne kawai aljihun tela zai iya, kuma mako na arba'in da takwas, ƙarshen Nuwamba, ya faɗo daidai da Sallar shekarar.

Malam Moutari ba wawa ba ne, ya yi tambayar da ta dace.

"Sallarmu ba ta zama wuri ɗaya. Duk shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya."

"Monsieur Moutari, ai don haka aka yi musaya," in ji saurayin. "Ka ajiye naka, ka ɗauki wanda kake so. Mako mako ne."

Ban san wata ƙarya da aka taɓa yi wa mutumin kirki cikin taushin murya kamar wannan ba. Ya sa hannu.

Shekarar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Garin babu kowa, kantuna a rufe, teku ta yi launin toka, iska tana kaɗa tagogi. Amma shi ya buɗe ƙofa da makullinsa. Zouera ta soya kaji, tagwaye suna rarrafe a kan tabarmarsa, Salmanu ya zo a matsayin baƙo ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka kai masa nasa kwanon ɗaki daban. Da ya dawo Paris, Ɗan Juma mahauci, maƙwabcin kantinsu, ya tare shi.

"Ranka ya daɗe mai gidan teku. An ce har kifayen ma sun tafi hutu, kai kaɗai aka bar wa gadin ruwan."

"Kai da ko kududdufi ba ka mallaka ba," in ji Malam Moutari, yana murmushi.

Shekara biyar musayar tana tafiya. Salla ta bar Nuwamba ta shiga Oktoba, ba wanda ya ce uffan, don shuɗi ake ba shi a madadin shuɗi. Da ta taka Satumba sai muryoyin waya suka sauya. Babu wuri. A sake kira. A 2010 wata mata ta gaya masa gaskiyar da ya kamata ya ji tun a otal: kowane mako da nauyinsa, kuma nasa huɗu ne ke sayen ɗaya a Agusta. Salla kuwa Agusta ta nufa, kowane yaro mai duba wata ya sani, kuma saurayin nan ma ya sani, ko kuma bai damu ya sani ba, ban san wanne ya fi muni ba.

Malam Moutari ya yi abin da tela ya iya, ya yi haƙuri ya tara ƙyalle. Ya ajiye makon 2010, ya ajiye na 2011, ya ajiye na 2012. Salla uku ya yi shi kaɗai a hawa na shida, yana jin muryar jikokinsa ta waya, suna koyon karatu, suna famfara, shi yana kallon bango. Da na 2013 za su cika huɗu.

A watan Maris na shekarar ya kira su. Ɗan Juma yana tsaye, shi ya ba ni labari.

"Uku gare ka, Monsieur. Na 2010 ya mutu. Shekara biyu mako yake yi a ajiye."

"Ya mutu? Ciwo ya yi?"

"Yana shafi na goma sha huɗu na yarjejeniyarka."

"To baɗi fa?"

"Baɗi na 2011 zai mutu. Amma idan ka sa hannu a sabuwar yarjejeniya ka koma tsarin maki..."

Ya ajiye wayar a hankali. Duk shekarar da ya ƙara ɗaya, ɗaya zai faɗi ta ƙasa, ba zai taɓa kai wa huɗu ba. Wani ne ya zauna a ofis mai sanyi ya tsara wannan da gangan, ya tafi gida ya ci abinci da 'ya'yansa. Ɗan Juma ya ce ranar Malam Moutari ya yanka shaddar wata Hajiya a karkace, abin da bai taɓa yi ba.

Safiyar Salla, bayan idi, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da niyyar ya gaisa ya juyo da yamma. Raliatou ce ta buɗe ƙofa, ta miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Baba, baban yara ya tafi gidan abokinsa. Ya ce makon nan gidanka ne."

Malam Moutari ya daɗe yana kallon makullin. Tagwaye, 'yan shekara goma, suna leƙowa ta bayan uwarsu, ba su saki jiki da shi ba tukuna.

"Wato na kori mutum daga gidansa ranar Salla."

"Ba wanda ka kora, Malam," in ji Zouera daga ciki. "Shigo, abinci na hucewa."

Ya shiga. Bai yarda da gado ba, a falo ya shimfiɗa darduma. Kwana biyu ya yi, ya rage wa yaran tsawon wanduna da allurar hannu, ya koya musu sa zare. Rana ta uku da hantsi ya ɗora makullin a kan tebur, ya ce wa Zouera ta gaya wa yarinya ta kira mai gidan ya dawo gidansa. Bai jira isowarsa ba. Ya sauka ya tsaya a tasha, ya bar bas biyu suka wuce, yana duba fuskar direbobin ko Salmanu ne, kafin ya shiga na uku.