Babbar Rigar Kakana

Kakana mutum ne da ko kaza ta gitta gabansa sai ya yi mata faɗa. Ni kaɗai nake iya masa. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsohon miji mai haƙori ɗaya, kodayake gaskiya uku ne.

Ina da shekara goma sha huɗu gulbi ya cika ya ci garinmu, can ƙasan madatsar Goronyo. Ya kwashe shinkafa, ya kwashe albasar da muka adana, ya bar mana kwaɗi. Hukuma ta turo mota, aka ce duk tsohon da ba ya iya tafiya a kai shi makarantar firamare ta kan tudu, za a kula da su. Mu kuwa aka kafa mana rumfuna a gefe. Kaka ya ƙi shiga motar, sai da Baba ya ɗauke shi cak, yana zagin direba har kakannin direba.

Kullum da hantsi nake kai masa fura. Ana nan sai amai da gudawa ya ɓarke a rumfuna. Asibiti ya cika, aka ba da umarni a riƙa kwantar da masu ciwon a ajin tsofaffi, wai akwai fili. Randa ɗaya, moɗa ɗaya. Aka hana mu shiga. Ta taga na miƙa masa fura, ya ce, "Amarya, sun kawo muna mutuwa har shimhiɗa. Ki ce ma ubanki shi zo shi ɗauke ni."

Baba ya je, mai gadi ya ce ba a fitar da kowa. Kwana uku Kaka ya rasu.

A wurinmu idan tsoho ya rasu, jikoki na sa kayansa ranar sadakar bakwai, su kwaikwaye shi, a yi dariya. Na sa babbar rigarsa tana jan ƙasa, na kafa hula, na shafa toka a haɓa, na ɗauki sanda. Mata suna ta riƙe ciki.

Daidai nan wani jami'i ya iso rumfarmu da buhun shinkafa da takarda. Ya karanta wa maza: tsufa ne ya kashe mamacin, iyalinsa ba su da ƙorafi kan hukuma. Wanda ya dangwala yatsa, buhu nasa ne. Duk gidajen da suka yi rashi sun dangwala. Dattawa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na hango Baba ya tsoma yatsa cikin tawada.

Na fito ina dogara sanda, ina tari irin na Kaka.

"Kai ɗan birni, mi anka rubuta nan?"

Jami'in ya yi murmushi, ya biye mini. "Tsufa, Baba."

"Tsuhwa? Tun kahin a haihi ubanka nike tsuhwa, bai kashe ni ba. Sai da kunka haɗa ni moɗa guda da masu zawo!"

Wasu suka tuntsire, sannan dariyar ta tsaya. Ba mai iya tsawata mini, don a irin wannan rana jika ba ta laifi. Na juya wajen Baba da niyyar in ƙara wasa, amma abin da ya fito daga bakina daban ne, kuma da muryar Kaka sak.

"Na ce ka zo ka ɗauke ni."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya kamo gefen rigar da ke jikina, ya goge tawadar tas.

"Ranka shi daɗe, ɗauki shinkahwarka. Ba tsuhwa ne ya kashe shi ba."

Jami'in ya ninke takarda, aka mayar da buhu mota. Ba wanda ya sake zuwa ya tambaye mu komai. Watan nan kunun dawa muka sha safe da yamma, ƙannena suna hararata.

Rigar tana cikin akwatin Inna, da tabon tawada a gefe. Har yau ina kwaikwayon liman da malaminmu na lissafi da akuyar maƙwabta. Kaka ne ban sake kwaikwaya ba.